Romon gwambaza ga mai jego

Shekarar da mahara daga Maradi suka kwashe mana dabbobi, a cikinta matata ta haifi ɗiyarmu ta biyu. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Karare. Ba akuya, ba kaza, gero kuwa ɗan kaɗan a gindin rumbu. Ƙaurin da ake yi wa mai jego ban iya yi ba. Kwana tara ana yi mata wankan ruwan zafi, ba abin da ke shiga cikinta sai kunun kanwa tsararo. Ta rame, nono ya ƙafe, jaririya ta fara laushi.

Uwar matata ce ke zaune da ita. Ba mu haɗa ido, saboda surukuta. Ran nan ina wucewa ta bayan ɗaki sai ta yi magana tana fuskantar danga.

"In ba a samo mata romo ba, biyu za a rasa."

Na ɗauki baka da kwari na shiga dajin Rugu. Kwana biyu ko zomo ban gani ba. Rana ta uku da hantsi, a bakin wani rafi da ya kusa ƙafewa, iska ta kawo mani wari. Tun kafin in gan shi na san namijin gwambaza ne, babban naman dajin nan mai ƙaho da ba ya nisa da bakin ruwa. Warinsa kamar na tsohon bunsuru da aka shafa wa man da ya lalace. Maharba ba su cika harbinsa ba, don ana cewa namansa ba ya ciwuwa. Ubana ya koya mani ba haka ba ne. Warin a maiƙon gashi yake, ba ya cikin tsoka. Hannun da ya taɓa gashi kar ya taɓa nama. Shi ya sa mutum ɗaya ba ya feɗe gwambaza: wani ya ja fata, wani ya yanka.

Na yi bismilla na saki kibiya. Na bi sawu har azahar, na same shi kwance da sauran rai, na yanka. Na cire wurin da dafi ya shiga na jefar. Sai na tsaya ina dubansa. Ni kaɗai ne, kuma in na koma gida neman mutum, ungulaye za su gama da shi kafin in dawo.

Ina nan sai ga wani tsohon Bafillatani ya koro shanu zuwa ruwa. Muka gaisa, na tambaye shi ruga da iyali, ya tambaye ni gida. Sannan ya toshe hanci.

"Maharbi, wannan warin naka ne ko na abin da ka kashe?"

"Namu ne mu biyu, Baffa. Zo ka kama mani fata."

"Da hannun da nake tatsa? In na taɓa wannan, shanuna watsewa za su yi."

"Nawa mahara suka bar maka?"

"Uku."

"To ba za ka sha wuyar tattara su ba."

Ya yi dariya har da tari. Na gaya masa halin da na baro matata. Sai ya jingine sandarsa ya naɗe hannun riga.

Na wanke hannuna da yashi, na karɓi wuƙarsa, don tawa ta riga ta shiga gashi. Shi yana jan fata yana naɗe ta waje, ni ina bi da wuƙa. Yana ja yana zagin Haɓe da abin da suke ci. Aiki ya tafi daidai har muka zo cinya ta ƙarshe. Da ya ga yadda ta cika, sai ya manta. Ya ɗaga hannu ya mare ta, yadda suke yi wa bijimi in ya burge su.

"Dubi tsoka," in ji shi.

Na dube shi. Ya dubi hannunsa.

"Shi ke nan, wannan tawa ce," ya ce.

Na ƙi. Rabon wanda ya kama maka aiki ƙafar gaba ce, kuma ba a ba dattijo abin da ya ɓaci. Na ba shi ƙafarsa mai tsabta, na ce ya kira mutanensa su kwashi abin da ba zan iya ɗauka ba. Naman baya da hanta na ƙunshe a ganyen kalgo. Cinyar na rataye ta can a ƙarshen sanda.

Da na iso gida na tsaya bakin rijiya na wanke jikina da toka sau uku. Surukata ta karɓi ƙunshin, ta shinshina naman yanka-yanka, ba ta mayar da ko ɗaya ba. Ta dafa da daddawa da masoro da kimba. Ina tsugune bayan ɗaki ina sauraro, domin matata a kwanakin nan ko ƙaurin hayaƙi sa ta amai yake yi.

Na ji ta tambaya da murya ƙasa-ƙasa, "Inna, naman mene ne?"

"Barewa ce. Sha."

Sai na ji ƙarar kurɓa. Can matata ta ce, "Maigida, na san kana nan."

"Ina nan."

"Barewar taka a bakin rafi take kwana ke nan?"

Na ji ta ƙara kurɓa.

"Romon ba ya wari," ta ce. "Kai ne kake yi. Matsa can, iska daga wajenka take zuwa."

Na matsa. Jim kaɗan uwarta ta fito da akushi ba komai a ciki, ta koma da shi cike.

Kwana huɗu tana shan romon nan safe da yamma kafin nono ya sauko. Ta rayu, ɗiyar ma ta rayu, har na aurar da ita a Darini. Cinyar kuwa ni na cinye ta a bayan rumbu, ni kaɗai, cikin kwana takwas. Ba ta da daɗi. Sai da na gama da ita matata ta yarda na shiga ɗaki na ɗauki yarinyar.