Fina-finan Da Na Gyara Wa Gwaggo

Kowa a danginmu, daga Nguru har Gashuwa, ya ɗauki maganar nan a karkace. Cewa suke na mayar da tsohuwa mai ciwon ido abin wasa, ina shirga mata ƙarya ina dariya a ciki. Ba haka aka yi ba. Ƙarya dai na yi, ban musa ba. Amma ba Gwaggo na raina ba, fina-finan na raina, kuma har gobe ina kan bakana.

Gwaggo yayar babanmu ce. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai a gidanta a Gashuwa. Kafin yanar ido ta rufe mata gani, ban san mayyar fim ɗin Indiya kamarta ba. Da ganin ya ja baya, sai aka ce ta riƙa saurare mana, tunda an fassara su da Hausa. Ta gwada. Matsalar ita ce, a irin fassarar da muke samu mutum ɗaya ne yake yin muryar kowa. Shi ne uwa, shi ne 'ya, shi ne mugu, in akwai aku a fim ɗin ma shi ne. Mai ido yana gane wa ke magana. Gwaggo kuwa sai ta ji ƙato guda yana zagin kansa, yana ba kansa haƙuri, yana neman auren kansa. Ta ce a ɗauke mata wannan mahaukacin daga kunne.

Haka aikin ya faɗo kaina. Na gama sakandare ina zaman gida, duk sati biyu Umma tana aikena Gashuwa da saƙo. Sai in biya wajen mai tura fim a bakin tasha, ya zuba min sabo a waya, in kalla a mota, in na isa in ba Gwaggo labari tana tsinkar zogale.

Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri ba. Fim awa uku, hanya ba ta kai haka ba. Da an fara waƙa sai in tura gaba. Da na ga hadari ya haɗo na san kuka za a yi, in tura. Abin da na tsallake in cike da kaina. Da farko cikewa ce kawai. Daga baya na lura nawa ya fi nasu ma'ana, sai na fara gyara har wuraren da na gani.

Wanda ya jawo rigimar, labarin wata yarinya ce da ta ga baffanta da idonta yana cinna wa shagon yadinsu wuta. Aka kama yayanta aka ɗaure. Ita fa? Ta yi gum. Ta tsaya jikin taga tana hawaye. Ta hau dutse ta yi waƙa, ta canza kaya sau huɗu a cikin waƙar, yayanta yana can yana cin gabza. A ƙarshe baffan ya kwanta ciwo ya tona kansa, ita kuma ta durƙusa ta shafa ƙafarsa ta ce ta yafe. Na ja tsaki da ƙarfi har matar da ke kusa da ni a mota ta ce, “Baiwar Allah, lafiya?”

Wannan zan kai wa Gwaggo? A nawa labarin, yarinyar ta bari sai da dangi suka taru cin abinci, ta fito daga kicin da muciya, ta faɗi abin da ta gani, ta sauke wa baffan ita a goshi. Aka saki yayanta kafin la'asar. Gwaggo ta yi guɗa, ta ce, “Yauwa, 'yar halak!” Ranar har ƙarin kifi ta yi min a miya.

Bayan kwana biyar ta je suna a unguwarsu. Mata suna hirar fim ɗin, kowace tana faɗin yadda ta sha kuka wajen yafiyar nan. Gwaggo ta ce wace yafiya, ba ita ce ta fasa masa goshi da muciya ba? Aka yi dariya, an ɗauka wasa take. Ta rantse. Wata ta ciro waya ta kunna mata ƙarshen. To ina idon gani? Muryar ƙaton nan kawai ta ji yana shessheƙa, ta ce, “Kun ji ko? Baffan ne, muciya ta shige shi.” Wai daga nan dariyar ta tsaya, aka koma kallon juna. Kafin magariba an kira ɗanta a waya.

Yaya, babban ɗanta, yana aiki a Yusufari, kuma ya daɗe yana son ɗauke ta ta koma wajensa. Kullum cewa take ba za ta bar ɗakinta da maƙwabtanta ta tafi garin da kifi ba ya zuwa sai a bushe ba. Yanzu ya samu hujja. Ya ce ruɗewar tsufa ce ta fara, yau fim ne, gobe wuta za ta bari a kunne. Ya sa ranar Asabar zai zo da mota.

A bakin Umma na ji. “Allah sarki Gwaggonku, abin ya fara,” in ji ta. Na ce Allah ya sawwaƙe, na shige ɗaki. Kwana biyu ban ce uffan ba, don na san bakin Yaya, in ya fara faɗa har kakanninka sai sun ji a jikinsu. Ranar Juma'a ina tsaye jikin taga ina ta saƙe-saƙe, sai na ga kaina. Ga ni na san gaskiya, za a ɗauke mutum a kan laifin da ba nasa ba, na zo na tsaya a taga. Waƙar ce kawai ban yi ba. Asabar da sassafe na shiga motar farko.

Na tarar an fito da akwatunanta tsakar gida. Gwaggo tana zaune a kan tabarma ta juya wa kowa baya. Na gaishe da Yaya, ban jira ya gama amsawa ba na ce, “Yaya, a mayar da kayan nan. Lafiyarta ƙalau. Ni na gaya mata an doke shi da muciya.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ke, ba na son shirme. Rufa mata asiri za ki yi?”

“Don Allah Yaya, a wane fim ɗin Indiya ka taɓa ganin muciya? Tuwo suke tuƙawa?”

Gwaggo ce ta juyo a hankali, ta saita fuskarta inda take jin muryata.

“Ke ja'ira. Ranar Litinin ce, kin zo da kuka da daddawa, kin manta man shanun a mota. Kika zauna a kan turmin can kika ce muciyar ma sabuwa ce. Haka ne ko ba haka ba?”

“Haka ne, Gwaggo.”

“To ka ji, mai mota. Wa ya ruɗe?” Sai ta dawo kaina. “Yanzu tsakaninki da Allah, me ta yi masa?”

“Yafe masa ta yi.”

“Ya ƙona shago?”

“Har ƙafarsa ta shafa.”

“Tir! Ashe sakarya ce. Su kuma waɗancan suka zauna suna yi mata kuka, ni ake ce wa mahaukaciya.” Sai ta tuno sauran fina-finan da na ba ta labari. “Wanda likita ta kori mijinta daga asibiti fa?”

“Ba ta kore shi ba.”

“Mai jirgin ƙasa?”

“Gwaggo, wannan rabinsa barci na yi.”

Ta ɗora hannu a ka. Ashe duk ta bi maƙwabta ta ba su labarin, har da matar wani ma'aikaci 'yar kudu da ke kawo mata lemo, wadda ta yi ta neman fim ɗin likitar a wajen masu turawa ba ta samu irinsa ba.

Faɗa kam na sha shi. Yaya ya yi min tas, ya ce ilimin da na samo a sakandare ke nan, ƙarya da tsari. Gwaggo tana taya shi, tana kuma umartar a shigar mata da akwati a hankali kada a fasa mata kwalbar turare. Kafin ya tada mota ya kira ni gefe, ya ce in ya sake jin uwarsa ta yi musu a taro a kan abin da ba a yi ba, ba zai tambayi kowa ba, zuwa zai yi ya ɗauke ta, ni kuma in san inda zan ɓuya.

A hanyar komawa Nguru na auna abin. Ƙarya ta ƙare, wannan dole ne. Amma in zauna awa uku ina kallon mai kuka a taga, sannan in buɗe baki in maimaita wa Gwaggo, wallahi ba zan iya ba. Don haka na yanke shawara: sati mai zuwa zan ce wa mai tura fim ya riƙe na Indiyansa, ya zuba min na 'yan China. Can in mutum ya ƙona shago, kafin minti ashirin an karya masa haƙarƙari, babu abin da ya rage min in gyara.