Zaman La'asar a Shagon Mai Gyaran Risho

Ina da shekara goma sha ɗaya muka shigo Makka, ni da Innata, bayan shekara huɗu muna tsinkar auduga a Sudan, inda mahaifina ya rasu. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da jikoki a unguwannin Shisha da Zahir na Makka. Amma ku yaran yanzu, ina so ku ji abin da na yi da ƙuruciyata.

Makkar da na tashi a cikinta ƙarama ce. Da garwa ake hawo da ruwa kan dutse. Inna tana toya ƙosai a bakin lungunmu, in na dawo daga makarantar allo ta ajiye mini na ƙarshe mai ƙauri, don ta san shi nake so. Da na zama saurayi, a shekarun alif ɗari tara da sittin, lokacin ana rushe tsofaffin gidaje ana faɗaɗa Harami, wani Bakano mai sayar da turare ya ɗauke ni tsaron shago. Har makulli ya ba ni.

A shagon na lalace. Giya haramun ce, kuma babu ita a kasuwa, amma akwai wani turaren kwalba da ake kira kolanya. Wani abokina direba ya ce in sirka shi da ruwa in kurɓa, gajiya za ta sake ni. Na kurɓa don kada ya raina ni. Kafin aikin hajji ya zagayo, ba na iya buɗe shago sai na sha. Abin da na rage a kwalba sai in cike da ruwa in sayar.

Da maigidana ya gane ya kore ni, sai na koma damfarar alhazan ƙasarmu. Da sun ji Hausa a bakina sai su saki jiki. Na sayar wa wata tsohuwa daga Gumel awarwaron tagulla a matsayin zinariya. Ta riƙe hannuna ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana, 'yata zan kai wa.” Har yau ina jin muryarta.

Da rana tsaka 'yan sanda suka tsince ni a kasuwa ina tangaɗi, aljihuna cike da tagulla. Aka yi mini bulala a gaban jama'a, aka ɗaure ni shekara biyu. Sau ɗaya Inna ta iya zuwa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko ana ba ni abinci. Ina ciki ta rasu, maƙwabta suka kai ta.

Ranar da zan fita, wani dattijo da muke ɗaki ɗaya ya ce mini, “Ɗana, turaren yana nan yana jiranka a waje. Ka hau dutsen unguwar Nakkasa ka nemi mai gyaran risho. Ka ce masa kana jin ƙishi.”

Kwana uku ina yawo a kan dutsen, tsakanin ɗakunan kwano. Kunya ta hana ni faɗin abin da nake nema. A rana ta uku wata mai sayar da gyaɗa ta dube ni ta ce, “Malam Isiyaku kake nema. Bi ta bayan tankin can.”

Na same shi yana hura allurar risho. Da na faɗi maganar bai ko ɗago ba. Ya ce, “Tayyib. Zauna. Bayan la'asar 'yan'uwanka za su zo.”

Mu bakwai ne. Akwai Baba Jibo Bazabarme mai ɗaukar ruwa, akwai tela, har da wani malamin makaranta da na sha gaisarwa a masallaci. Aka dafa shayi da na'ana'a. Kowa ya faɗi yadda ya kwana da abin, babu wa'azi, babu mai kallon wani a wulaƙance. Sharaɗi ɗaya ne: abin da aka faɗa a shagon ba ya sauka daga dutsen. Da aka zo kaina kuka ya ci ƙarfina. Baba Jibo ya ce, “Bari ya yi. Ni wata guda na yi ina yi.”

Bayan wata biyar na koma na sha, na ɓuya a ɗaki. Litinin da la'asar sai ga su shida a ƙofata, da butar shayi da tabarma. Malam Isiyaku ya ce, “Tun da ba ka zo zama ba, zaman ya zo.” Daga ranar ban ƙara ba. Shi ya koya mini gyaran risho, da wannan sana'a na yi aure na ci da iyali.

Duk sun riga ni gidan gaskiya. An baje wurin da shagon yake, amma in na ji ƙamshin na'ana'a da la'asar sai in ga fuskokinsu. Tsohuwar Gumel kuwa ban same ta ba, sadaka nake yi mata.

'Ya'yana, kada ku kurɓi komai don tsoron rainin aboki. Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada ya ce shi kaɗai zai fita. Ni na gwada. A garinku ma akwai waɗanda suka bari. Ku cire kunya ku tambaya, ku je tun iyayenku suna raye su gan ku a warke. Tawa ba ta gani ba.