Madam Hadiza da Rijiyar Baffana

Ina rumfata a kasuwar Adidogomé ina auna wa wata mata atamfa, sai ga wayar mahaifiyata. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Balkisa, Madam Hadiza ta rasu. Bayan la'asar za a kai ta." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rufe rumfa na tari zemijan, wato ɗan acaɓa, zuwa gidanta. Har muka isa Agbalépédo hawaye bai zo min ba, sai fushi.

Madam Hadiza ce ta koya mana ilimin halittu a ajinmu na ƙarshe, a wata makarantar kuɗi da ke Zongo. A shekarar ta raba mu rukuni-rukuni, ta ba kowane rukuni annoba ɗaya ya bincika, ya zo ya yi bayani gaban aji, abin da muke kira ekspoze. Wasu ƙyanda, wasu sanƙarau. Mu kwalara ta faɗo mana. Muka kwafo Faransanci mai daɗi daga intanet muka kai mata. Ta duba, ta miƙo mana abinmu. Ta ce, "Wannan kwalarar littafi ce. Ina ta Zongo?" In kin ce mata "an ce", sai ta ce, "Wa ya ce? Kin gani da idonki?"

Haka muka shiga gida-gida tare da ita. Takan tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gai da tsofaffi, sannan ta bar mu mu yi tambaya: a ina kuke ɗibar ruwa, wa ya yi amai da gudawa a daminar bara? Amsoshin suka yi ta nuna wuri guda, rijiyar Alhaji Inuwa, yayan mahaifina, wadda ya haƙa sadaka. Bango ɗaya ne tsakaninta da salgar gidansa. Madam ta ɗebi ruwan a kwalba ta kai aka gwada, aka tarar da najasa a ciki.

Ta ce ba za mu faɗa a aji ba sai ta fara samun Baffa. Ta je, ina biye da ita. Ya ce, "Rijiyar da na haƙa don Allah ita ce ke kashe mutane? Da ma aikin da kike sa yaranmu ke nan, tonon asirin gidaje?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhaji, ladanka na nan. Salgar kawai za a matsar." Ya kaɗe rigarsa ya shige gida. Iyaye suka yi gayya zuwa wurin mai makaranta. Ekspoze ɗinmu ba a taɓa gabatar da shi ba, kuma da aka dawo hutu babu Madam. Babana ya hana ni ko gaishe ta.

Ba a jima ba wata damina ta zo da ambaliya, amai da gudawa ya shiga unguwa. Madam ce ta riƙa bin gidajen da suka kore ta, tana nuna wa mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, tana cewa, "Ku yi addu'a, ku wanke hannu. Addu'a da sabulu ba sa faɗa." Ita ta goya ƙanwata Safiya zuwa asibiti, amma an makara. Sai bayan an binne yara ma'aikatan lafiya suka zo suka rufe rijiyar.

Ranar ta'aziyyar Safiya na riƙe hannunta na ce, "Madam, ai kin faɗa musu." Ta ce, "Yi shiru, Balkisa. Wallahi na fi son a ce ƙarya na yi, Safiya tana raye."

Babu wanda ya taka ya ba ta haƙuri. Makarantar ba ta sake kiranta ba. Ta ƙare rayuwarta tana yawon koyar da yara a gidajen mutane, ga ciwon suga yana cin ta, har ƙafa ta gaza.

Jiya a zaman makoki, ina daga cikin gida na ji muryar Baffa a waje yana cewa, "Allah Ya jiƙan Hadiza, mace ce mai gaskiya." Sauran suka amsa da amin. Maryam, 'yar Madam, ta ɗago ta dube ni. Gaskiyar da ya shaida jiya, da ya shaida ta tana da rai, da ta ji da kunnenta.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Hadiza, Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga Alkausara. Haƙƙinta da aka danne, Kai ne Masani. Ka ba Maryam da ƙannenta haƙuri, Ka tsaya musu inda mu muka kasa tsaya wa mahaifiyarsu. Amin.