Kaset ɗin Baba da saƙon daddawa

Ko mantuwa ta cinye mini komai, ba za ta taɓa ranar da Baffa ya shafe muryar mahaifinmu ba. Yau shekara ashirin da wani abu, amma in na tuna sai raina ya ɓaci sabo.

Baba tela ne a Sulɗana, nan Madina. In ya ajiye almakashi sai ya ɗauki udu, garayar Larabawa, ya rera tsofaffin ƙasidu, yana jan baiti ɗaya har sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Sau ɗaya tak ya yarda aka ɗauke shi a kaset. Bayan rasuwarsa Umma ta ɓalle ɗan haƙorin kaset ɗin don kada a yi ɗauka a kai, kuma duk Juma'a bayan la'asar sai ta kunna.

A zamanin, in alhazai za su koma gida, a kaset ake aika gaisuwa ga dangi. Baffa, ƙanin Baba, ya zo gidanmu muna can Masallacin Harami, ya nemi sabon kaset bai samu ba. Bawan Allahn nan ya ga an ɓalle haƙori, ya san dalili sarai, ya nemo salatif ya toshe ramin, ya ɗauki gaisuwarsa a kai, ya manta kaset ɗin a cikin rikodar.

Da la'asar Umma ta danna. Maimakon udu sai muka ji: "Ina gaida kowa da kowa. A aiko mana da daddawa da kuka, amma ba irin ta bara ba."

Ban san lokacin da na figi abaya na isa gidansa a Ranuna ba.

"Baffa, muryar yayanka ka shafe!"

"Ma'alesh, 'yata, halas, ya wuce. Shariɗi ne fa, kaset kawai. Ya'ani waƙa ce, ba karatu ba."

Wallahi da ba ƙanin ubana ba ne, da maƙwabta sun ji mu. Haƙurin kirki ma bai bayar ba.

Na dawo na tarar Umma ta saurari surutun daddawar har ƙarshe. Can bayan sallamar Baffa, abin da ya rage shi ne rabin baiti, kaɗawar tsirkiya, da Baba yana dariya yana cewa, "Kashe hakanan." Wannan ɗan guntun ta riƙa ji duk Juma'a har ta bi shi.

Daga nan na koyi cewa abin da ba ka da na biyunsa, ba baƙo ne ke lalata maka shi ba. Na gida ne, wanda ya san inda kake ajiyewa, ya kuma san za a ce ka yi haƙuri.