Baƙo Mai Famfo da Ruwan da Ya Binne a Tsakar Gida

Duk wanda ya bi ta layin maɗinka da ke gabashin Tawa bayan sallar asuba ya san ƙarar nan, wani siririn shuu kamar ana zuba gero cikin ƙwarya daga nesa. Daga gidan Malam Baƙo mai famfo take fitowa. Idan ya dawo daga masallaci ba ya zama. Zai rataye riga a ƙusa, ya naɗe ƙafar wando, ya je bakin rijiya ya yi ta buga famfon hannu har tono, wato gangar ƙarfen da ya ɗora a kan dogayen ƙafafu, ya cika ya fara ɗiga. Daga nan ya durƙusa gindin katanga ya murɗa makulli na farko. Sai ka ji ƙasa ta yi ɗan tari, ƙananan kawunan tagulla shida da ke leƙe tsakanin ganye su fara fesa ruwa. Yakan tsaya da agogo a hannu. Minti goma ya rufe, ya buɗe na biyu. Kafin rana ta hau kan duwatsu ya gama, ya sha kununsa, ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan keke, ya nufi gyaran famfunan gari.

Watan jiya ya ajiye wannan akwati, bayan shekara talatin da ɗaya yana bin bututun Tawa. Ba a yi taro ba, ba a karanta sunansa a rediyo ba. Abokan aikinsa sun haɗa shayi, suka yi masa addu'a, ya hau kekensa ya koma gida. Shi ya sa na ga ya kamata wani ya faɗi abin da muka gani da idonmu tun mai abin yana raye yana ji.

Mutumin Bambeye ne, ɗan mai haƙar rijiya. Da diga da shebur ya shigo aikin ruwa, yana tona wa wasu rami su shimfiɗa tiyo. A shekarar 1972 aka tura shi gidan wani Bature likita da yake son ciyawa a ƙofar ɗakinsa irin ta ƙasarsu. Nan Baƙo ya fara ganin ana binne bututu a ƙarƙashin ƙasa don ban ruwa. Bai yi tambaya ba, amma bai bar komai ya wuce idonsa ba: zurfin ramin, tazarar kawunan, yadda aka raba filin kashi-kashi. Ya kuma lura da abu ɗaya da mai gidan kansa bai lura da shi ba. Da can mai gadin gidan kan ƙarar da tono goma yana kwarara da bokiti. Bayan an binne tiyo, huɗu suke isa, har su yi saura.

Shekarar da ta biyo fari ya sauka. Mutanen arewa suka cika bakin gari, dabbobinsu na faɗuwa a hanya. Kullum Baƙo ya wuce gidan likitan sai ya ga ciyawar nan kore shar, ba akuyar da ke cinta. Ya taɓa gaya mini cewa bai ji haushin Baturen ba, mutumin kirki ne. Abin da ya dame shi, dabara mai kyau ce aka ajiye inda ba ta ciyar da kowa. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da wannan tunani.

Sai 1984 ta zo, damina ta sake ƙin zama. Matarsa Rakiya tana da ƴar garka a bayan ɗaki, inda take shuka yakuwa da kuɓewa da albasa da zogale, daga nan miyar gidan ke fitowa. Rijiyarsu da ke ba da tono shida a yini ta koma biyu. Rakiya ta yi ta jigila da gwangwani har bayanta ya riƙe, rabin ruwan kuma yana bin hanya ko rana ta shanye. Wata safiya ta ajiye gwangwanin ta ce masa, "Malam, na yanke shawara. Albasa da kuɓewa in bar su su mutu, in riƙe zogale. Ruwan nan ba shi isar kowa."

Ya ce, "Ba ni kwana goma, uwar Saratu. Kar ki kashe komi."

Ta ce, "Kwana goma ka iya sa ruwan sama?"

Ya ce, "Na sama ba nawa ba ne. Na ƙasa nika nufi."

Ranar ya yage takardar buhun siminti, ya auna filin da igiya, tsawo da faɗi, ya zana komai har inda bishiyar zogale take da inda Rakiya ke daka, don kada ya tona mata wurin turmi. Ya ɗora tono a kan ƙafafun ƙarfe sama da tsayin mutum biyu, ya buɗe robine, wato kan famfo, ya duba agogo ya ga minti nawa bokiti ke ɗauka kafin ya cika. Da wannan ya gane ƙarfin ruwan ba zai ɗaga kawuna fiye da shida a lokaci ɗaya ba. Don haka ya raba filin uku, kowane kashi da bututunsa da makullinsa. Biyu na kayan miya. Na ukun ya ce ciyawa zai shuka, ƙiri-ƙiri, mai yaɗo a ƙasa.

Nan Rakiya ta tsaya. "Ciyawa, a shekarag ga? Mutane su ce mun zama Turawa?"

Ya ce, "Bari dai ta hito."

Tona ramin ne ya kusa karya shi, domin ƙasar Adar ba ta da wasa, zurfin ramin kamu ɗaya ne, amma kana shiga sai dutse. A rana ta biyu wani dogon mutum mai rawani ya tsaya a ƙofa yana neman ruwan sha. Rissa sunansa, Buzu ne daga can arewa da Tawa. Ya baro gida da raƙuma tara da garken awaki, ya iso gari da akuya biyu da matarsa. Ya sha ruwa, ya tsaya yana kallon Baƙo na fama da dutse, sai ya miƙa hannu ya karɓi digar ya hau tona. Tun daga ranar suka zama su biyu. Rakiya ta ƙara hannu a tukunya, aka ba Rissa da iyalinsa ɗakin zaure.

Maƙwabcinsu Alhaji Tukur, maɗinki ɗan Maraɗi, mutum ne mai son raha. Kullum sai ya leƙo ta kan katanga. "Malam Baƙo, mutane na shuka gero, kai kana shuka ƙarfe. In ya tsiro ka ajiye mini iri."

Baƙo dai dariya yake yi. Tsofaffin bututu ne da ya tsinto a bola da wurin ƴan gwangwan, ya kankare tsatsa, ya yanka musu sabon zaren murɗawa a baki, ya naɗa zaren rama a mahaɗa don kada su yi yoyo. Kawunan kuwa shi da wani maƙeri suka yi su da guntayen tagulla, suka huda da allurar ɗinkin buhu. Bai yarda a rufe rami ko ɗaya ba sai an gwada, domin a cewarsa kuskuren da ka binne sai ka tono shi da hannunka.

Ranar gwaji rabin layin ya taru. Alhaji Tukur ya shigo cikin farar shadda, zai wuce ɗaurin aure. Baƙo ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Shiru. Kawunan suka yi ɗan huci, ko ɗigo babu. Alhaji ya matso, ya sunkuya a kan na ƙarshe yana cewa, "To ai irin bai jiƙa ba tukuna." Bai rufe baki ba kan ya fincike, jan laka ya taso ya wanke shi daga hula har takalmi. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Alhaji ya share fuska da hannun riga, ya dubi shaddarsa, ya ce, "Ya tsiro."

Yashi ne ya cika bututun lokacin haɗawa. Baƙo bai ɓoye ba, ya ce laifinsa ne, ya ɗaura kawuna kafin ya wanke cikin tiyo. Ya kwance su duka, ya saki ruwa ya kore yashin cikin bokiti, ya ɗaure guntun gidan sauro a bakin tono don tacewa. Washegari da ya buɗe, ruwa ya tashi daga kawuna shida a tare. Bai wuce gwiwa ba, amma kowane kai yana kaiwa har gindin na kusa da shi, babu inda ya rage a bushe. Rakiya ta tsaya ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauki gwangwaninta ta kife shi a kan rumfa.

Bayan wata biyu gidan ya zama abin kallo, kallon kuma ya jawo magana. Lokacin soja ke mulki, an kuma yi shela cewa duk wanda aka kama yana ɓarnar ruwan famfo zai gamu da hukunci, domin mata kan yini a layi kafin su sami tulu ɗaya. Wani ya kai ƙara cewa ma'aikacin ruwa ya ja bututu a ɓoye zuwa gidansa, yana shayar da ciyawa. Zargi ne da zai iya raba shi da aikinsa, ya kuma kai shi inda ba a so. Da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofa, wani sarjan ya sauko da mutum biyu.

Sarjan ɗin ya dubi ciyawar, ya dubi Baƙo. "Baba, daga ina ruwan nan?"

"Daga rijiyata, ranka shi daɗe. Ga diga, a tona a bi bututun duk inda ya tahi."

Aka tona. Suka bi tiyo taku-taku har ya kai su ƙafar tono, daga tono zuwa rijiya, babu reshe ko ɗaya da ya nufi titi. Sarjan ya leƙa rijiyar ya ga ɗan ruwan da ke can ƙasa, ya ce ba zai yiwu wannan ya rayar da wannan fili ba. Baƙo ya ce a hau a duba tonon, a yi alama da alli. Ya buɗe kashi ɗaya na minti goma, aka sake hawa. Ruwan da ya sauka bai kai rabin tono ba.

Sarjan ya ce, "To ciyawar fa? Mutane na jin yunwa."

Rissa ne ya amsa. Ya shiga zaure ya jawo akuyoyinsa biyu, waɗanda suka zo gari ƙashi da fata, yanzu ɗaya na da ciki, ɗaya hantsarta cike. Ya ce, "Su ka cin ta. Ɗiyan layin ga kuma su ka shan nonon."

Sarjan ya tura hularsa baya. Can ya ce, "Baba, takardar da ka zana tana nan?" Da aka kawo masa takardar siminti ya juya ta sama da ƙasa, ya ce uwarsa tana da garka a Barmu, rijiyarta ma ta ja baya, ko Baba zai samu wata Lahadi. Alhaji Tukur, wanda tun zuwan motar yake tsaye a ƙofa don ya ba da shaida, ya ce wa sarjan, "Ka je da tsohuwar riga ranar gwaji, ɗana."

Malam Baƙo, kai ne ka je Barmu ranar Lahadin, a bayan motar gawayi. Kai ne ka bi gidajen layinku ɗaya bayan ɗaya kana auna fili da igiya, kana gaya wa wanda rijiyarsa ba za ta ɗauka ba gaskiya, ko da ransa zai ɓaci. Lokacin da aka yi kiran a koma noman rani, mutane da yawa sun yi jawabi, kai kuwa ka riga ka yi laka har gwiwa. Kai ne ka koya wa Rissa yanka zare da haɗa tiyo, har yau ga shi da akwatinsa da kekensa, mutanen Tebaram ba su san wani mai famfo ba sai shi. Ba ka taɓa rufe hannunka a kan abin da ka sani ba. Na ƙasa mai fitar da kore, ba na ƙara maka kirari, na san ba ka so.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je in karanta masa wannan rubutu kafin ya fita. Ya saurara yana gyara wani tsohon makulli a cinyarsa. Da na kai ƙarshe ya ce akwai kuskure. Na tambaye shi ina. Ya ce, "Ka ce kamu ɗaya. Kamu ɗaya da yatsu huɗu ne. In wani ya karanta ya tona kamu ɗaya, rana za ta dafa mishi ruwa, shuka ta ƙone, ya ce Baƙo ya cuce shi."

To ga shi na gyara, Malam: kamu ɗaya da faɗin yatsu huɗu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, kai da Rakiya. Ku kuma matasan Adar masu sana'a a hannu, ƙofarsa a buɗe take, yanzu ma ya fi samun lokaci. Ku je ku zauna kusa da shi, ku tambaya, ku riƙe abin da ya ce daidai yadda ya faɗa, har yatsu huɗun.