Saratu Mai Wankin Gyambo

Kafin majo Mainassara ya kafe moto a bakin asibitin ƙauyen nan na ƙasar Dungas, Saratu ta riga ta tafasa ruwa, ta zuba gishiri, masu gyambo sun jeru a tabarma. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka. Aikin shara aka ɗauke ta, ba ta da diplom ko na rantsuwa. Shi kuwa majo, wato shugaban asibitin, shekara uku ya yi yana karatun jinya a Damagaram, amma duk wanda ya sauko daga amalanke sai ya ce, "Ina Inna Saratu?" Wallahi abin na ci masa rai.

Bara aka kawo Hammadu, makiyayi daga wajen Guci. Sa ya soke shi a ƙwauri, 'yan'uwa suka cusa kashin shanu da toka, ciwon ya ruɓe. Mainassara ya rubuta takarda a kai shi Damagaram, ƙila a yanke ƙafar. Makiyayi ba ƙafa, ai an gama da shi.

"Majo, ba ni kwana goma," in ji Saratu.

"Da wane karatun, Inna?"

"Duba gefen nan. Ka ga ja-ja kamar tsaba? Sabbin jijiyoyin jini ne. Suna cin naman da ya tare su, suna buɗa wa kansu hanya kamar saiwar gero. Kai kuwa kullum sai ka fizge auduga a bushe, ka tumɓuke su."

Kai! Ya san wannan, har jarrabawa ya ci a kai. Amma bai taɓa gane shi da ido ba sai da mai shara ta nuna masa da yatsa. Ranar ko tuwo bai yi masa daɗi ba.

Kowace safiya sai ta jiƙa audugar, ta jira ta saki don kanta. Da dangi suka ga jini na tsatsafowa, suka ce ciwo ya ɓaci, a dawo da toka. Ta tare ƙofa ta ce, "Jinin nan shi muke roƙo."

Bayan wata biyu Hammadu ya tako da ƙafarsa, ɗauke da ƙwaryar nono. Ya wuce majo, wanda ya yi masa allura har ashirin, ya dire ƙwaryar gaban Saratu. Ko kurɓa majo ya ƙi yi.

Ke ce Saratu mai sanyin hannu, wadda wari bai taɓa kora ba. Watan jiya kika ajiye aiki, ba kiɗa ba takardar yabo. Mun gode, Allah Ya saka. Masu farar riga, ku rage gaggawa, ku koyi duban ciwo irin nata.

Kishin Mainassara dai yana nan, takardar kai Hammadu Damagaram ma tana cikin akwatinsa. Shekaranjiya wata mata ta shigo da gyambo tana waige-waige.

"Ina Inna Saratu?"

Majo ya jawo ruwan gishiri.

"Ta ajiye aiki. Zauna, Baba, ita ta koya mini."