Tayar da Ta Rasa Abokiyarta a Hanyar Babban Mutum

Ana idar da sallar asuba muka bar Daura, ni a sitiyari, ƙanwata a gefena, Inna a baya inda ta saba zama. Wannan ce fitarta ta farko tun da ta gama takabar Baba, za ta garinsu Babban Mutum ta gaida dangi. Ziyara aka ce mana. Amma jama'a, mai ziyara ba ya ɗaukar akwatin aurensa har da butar shayi. Ta riga ta faɗa wa ƙanwata cewa ba ta ga abin da ya rage mata a Daura ba, 'ya'ya sun girma, mai gidan ya tafi. Abin da ke cin raina ke nan tun kafin in tayar da mota, kada in je da uwa in dawo babu ita.

Motar ta Baba ce, da aka raba gado ta faɗo a rabona. Tsohuwa ce tukuf, ƙofar direba ma sai da lallashi take rufuwa. Na sa mata sababbin tayoyi a gaba, na wani kamfani daban, na so in canza na baya, Inna ta ce kul. Baba ne ya saye su da kansa, su ne abu na ƙarshe da ya yi wa motar kafin ya kwanta ciwo. Na bar su. Tunda girmansu ɗaya da na gaba, ban ga laifi ba.

Damina ta yi kyau bana, gero ya fi mutum tsayi, dama da hagu kore shar. 'Yan babur na wuce mu da buhuna, ka rasa gane direba ina kaya ina. A Zango muka tsaya shan koko da ƙosai. Ƙanwata ta sayi dafaffiyar gyaɗa, ta juya gwangwanin awo ta ga an doke gindinsa ya shige ciki, ta ce wa mai gyaɗar, "Baiwar Allah, wannan ma hatsari ya yi?" Har masu jiran mota suka yi dariya. Inna ko murmushi ba ta yi ba, ƙosanta ya huce a hannunta.

Mun ɗan taɓa tafiya bayan Zango na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Sai ji muka yi fam! Mota ta yi layi, na yi salati na riƙe ta da kyar. Ɗaya daga cikin tayoyin Baba ce ta yage ta gefe, yagewar da ba ta faci. Na ɗaura safaya, wata siririya shafaffiya da ban ma san kamfaninta ba, muka lallaɓa kamar masu ɗauke da ƙwai har wani ƙauye inda mai faci ya kafa injinsa a gindin dalbejiya.

Dattijo ne mai fara'a. Ya zagaya motar ya faɗi abin da nake gudun a faɗa a gaban Inna. Ya ce tayoyin gaba su bambanta da na baya, wannan da sauƙi, amma dama da hagu gara su zama iri ɗaya, zane ɗaya, in ba haka ba ranar da aka taka birki cikin ruwa mota za ta juya. Yana da guda biyu na hannu masu kyau. Kuɗin da ya faɗa sai da na cire hula na sha iska, amma na ce ya ɗaura. Ya kwance safaya, sannan ya zagaya ya kafa jak a wajen tayar Baba da ta rage.

Inna ta leƙo ta taga. "Malam, ita kuma mai lafiyar me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, Hajiya. Abokiyar tafiyarta ce ta mutu, ita kuma ba ta zauna da baƙuwa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Bawan Allah bai san da wa yake magana ba. Inna ta mayar da kanta ciki ta ja mayafi, ƙanwata ta juya baya tana share ido. Can Inna ta ce a hankali, "To a nan za a bar ta ke nan."

"A bar ta? Haba Hajiya! Wannan ta fi safayarku sau nawa. A but za ta zauna. Ranar da wata ta gaza a daji, ita za ta kawo ku gida."

Shi ya faɗa ne kawai ya ci gaba da aikinsa. Na ɗauki tayar da hannuna na share mata laka, na matsar da akwatin Inna na kwantar da ita a gefensa. Siririyar safayar na bar wa mai faci.

A Babban Mutum an sha koke-koke, an sha fura da nono mai kauri da ban taɓa samun irinsa a birni ba. Yayar Inna ta gyara mata ɗaki har da sabon labule. Ban tambayi Inna komai ba, tsoron amsar nake ji. Ranar komawa na shiga yi mata sallama, sai na tarar ta yafa mayafi, butar shayi a hannu.

"Tsayuwar me kake yi? Ɗauki akwatin ka mayar but, kusa da 'yar'uwata."

Mun iso Daura kafin la'asar, an yi ruwa a hanya mota ko gezau. Abin da na koyo, ku masu mota, kada ku haɗa taya iri biyu a layi ɗaya, kuma ku duba safayarku kafin ku tashi. Ni dai tawa na san inda take. Da na kashe mota a ƙofar gida, Inna ce ta fara fita, ta ce in miƙo mata mukullin ɗakinta.